Sa Hannu Kafin Ƙarfe Huɗu

Na danna katifar da hannu biyu, kamar yadda nake gwada kifi a bakin teku.

"Preben, don Allah," in ji Tilde. "Ana kallonmu fa."

"Su kalla. Shekara guda za a yi ana kwana a kanta."

Ranar karɓar baƙi ce a wata kwalejin kwana, Lahadin ƙarshe ta Satumba. Gini uku ne na jan bulo, ɗalibai casa'in kacal, bayansu gonakin dankali har iyakar gani. Gurbi ɗaya ake riƙe mana na baɗi, kuma shugabar makarantar ta rubuto cewa sa hannuna take jira kafin ƙarfe huɗu na yau. Wata uku takardar tana manne a jikin firij ɗina, ina wuce ta safe da yamma.

Kamar kowa a garinmu, tun 'yata tana shekara shida na je na rubuta sunanta a layin neman gurbi. Lokacin gani nake ranar ba za ta taɓa zuwa ba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ragar kamun kifi nake ɗinkawa a tashar jiragen ruwa. Don haka abin da na sani shi na duba. Na buɗe taga na rufe, na ga ko iska na shigowa. Na taɓa bututun ɗumama ɗaki. Na tambayi wani malami mai gemu nisan asibiti, ya ce minti ashirin. Na ce in ƙanƙara ta rufe hanya fa? Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya ce talatin.

A ɗakin cin abinci na zubo wa Tilde naman alade da dankali. Ta ture farantin a hankali.

"Shekara biyu rabona da nama, tsoho."

"Shi ya sa kike kamar sandar kamun kifi."

"Kai kuma kamar ganga."

Daga nan aka tara mu a zaure, aka raba littattafan waƙa, iyaye da yara suka ɗauki waƙa baki ɗaya. Tilde tana yi, idonta na kan fiyano. Ni na riƙe littafin a rufe. Gidana ba rediyo, ba kare. In na tashi aiki kofi ɗaya nake wankewa.

A ɗakin kiɗa ta zauna ta kaɗa wani abu gajere. Wasu 'yan mata biyu suka matso, kafin minti biyar har sun fara gardamar wadda za ta kwana kusa da taga. Ban taɓa jin dariyarta da ƙarfi haka ba. Da muka fito ta kama hannun rigata.

"In ba za ka iya ba, ka bari. Wallahi ba zan ji haushi ba."

Ƙarfe huɗu saura kwata muka shiga ofis. Shugabar, Gudrun, ta miƙe tana murmushi, ta miƙa wa yarinyar hannu.

"Ke ce Solvej ke nan. Mun daɗe muna jiranki."

Tilde ta sunkuyar da kai. Na ciro takardar daga aljihu. Layi biyu ne a ƙasanta, na karɓa da na sakin gurbi. Na sa hannu a na biyun, alƙalamin har ya huda takardar.

"Wannan Tilde ce, 'yar maƙwabcina," na ce. "Ita ce ta farko a jerin masu jira. Ku ba ta. Na duba, wurin yana da kyau."

Gudrun ta dubi takardar, ta dube ni.

"Solvej fa? Ta samu wani wurin ne?"

"Tun tana shekara tara 'yata take kwance a maƙabartar bayan cocinmu," na ce. "Ban sanar da ku ba ne saboda ku kaɗai kuka ci gaba da ƙirga mata shekaru."