Doguwar Kwakwar Bayan Coci

"Ina ka ɓoye tiyon man injin, Mawuli?" Karo na uku ke nan ina tambayar ƙanena.

Yana zaune da karyayyen hannu rataye a wuya, ya ƙi kallona. Kifi ya shigo, duk masuntan garinmu Anyanui sun fita teku, jirgina kaɗai ke kwance a yashi.

"Efo, yayana, ka jira in warke. Bakin kogin nan, inda ya haɗu da teku, ba mashigar mutum ɗaya ba ce."

"Kai za ka koya mini bakin kogi? Shekara talatin ina gaba ina nuna hanya, kai riƙon inji kawai ka iya. Tudun yashi a hagu, igiyar ruwa a dama. Gobe da safe zan ratsa tsakaninsu ni kaɗai."

"Da me za ka gane tsakiyar?"

"Ji tambayar banza. In doguwar bishiyar kwakwar nan ta daidaita da rufin coci, sai a miƙe."

Sai yanzu ya ɗago ya dube ni.

"Efo, shekara biyar ke nan da faɗuwar kwakwar. Kana nunawa, ina cewa to, ina bin inda na ga ruwa."

Na waiga wajen coci don in ƙaryata shi. Cocin ma ban gani ba, sai hazo-hazo a idona.