Shuni a Farcen Ƙaramar

Kai mai cewa sai ƙyanda ta shigo gari za ka kai yara allura, gyara zama ka ji. An yi wani maƙeri, sarkin barkwanci, wanda in manomi ya zo neman fartanya ranar da ruwan shuka ya sauka, sai ya yi masa dariya har da buga cinya, ya ce, "Baba, duk rani kana ina? Ƙarfe ai ba tuwo ba ne." 'Ya'yansa biyu, duk mata. Babbar an yi mata allurar ƙyanda, bayan mako ta yi zazzaɓi na kwana biyu, shi kuwa ya ƙulla abin a ransa. Da lokacin ƙaramar ya yi, malamar asibiti ta bi shi har maƙera, ta yi masa magana da yarensa. Ta ce a cikin jinin kowa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, su ma maƙera ne. In cuta ta shiga, sai sun auna ƙafarta, sun hura wuta, sannan su ƙera tarko daidai ita, don tarkon gafiya ba ya riƙe kura. Aikin nan yakan ci mako biyu. Allura kuwa cutar ce aka karya mata ƙugu aka tura musu, su auna a tsanake, su ƙera, su rataye samfurin saboda wata rana. Zazzaɓin da ya gani, zafin maƙera ne kawai. Gogan naka ya ce ya ji, gobe zai kai ta da kansa. Ashe ya lura duk yaron da aka yi wa allura ana shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa. Ya leƙa marina, ya samo shuni, ya dangwala wa yarinya a farce. Masu bin gida-gida suna duba yatsu suka zo, suka gani, suka yi masa godiya, suka wuce. Mako guda yana ba da labarin a majalisa, mutane na riƙe ciki.

Wata biyu, ƙyanda ta shigo unguwar. Tabarma ɗaya yaran suke kwana, ƙoƙo ɗaya suke shan kunu. Babbar ko atishawa ba ta yi ba, don maƙeranta sun gane ƙafar, suka sauko da samfuri, tarko ya cika jini kafin cuta ta ajiye kaya. Ƙaramar kuwa nata maƙeran ranar suka fara neman gawayi. Ido ya yi ja, ƙuraje suka feso, tari ya sauka ƙirji, numfashi sai ka ce tsohon zugazugi. Ya saɓa ta a kafaɗa, ba ko takalmi, ya faɗa asibiti yana cewa, "Malama, ga ta, yi mata allurar yanzu!" Malamar ta karɓe ta, ta yi duk abin da ake yi, amma ta ce masa allurar ta kafin zuwan cuta ce. Maƙeran yarinya suna ta duka, ba su huta ba, sai dai cuta ta riga su. Kwana na huɗu da hantsi, hannunta na cikin nasa, ya ji hannun ya saki. Ya duba, ga shuninsa nan a bakin farce, ya kusa fita, bai fita ba.

Har yau yana ƙira, amma manomi ya zo ranar shuka, ba ya dariya. Hausawa dai sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.