Kafinta Ya Kwashe Lissafi, Ya Baro Amana

Ranar da Kafinta ya ga sabuwar manhajar lissafi a wayar wani mai sayen kujeru, ko abincin rana bai iya ci ba don zumuɗi. Ka taɓa nan, ta nuna maka cinikin wata. Ka taɓa can, ta zana maka riba da kore, asara da ja. Shi kuwa shekara bakwai yana fama da wata tsohuwar kwamfuta a lungun shago, wadda garin katako ya cika wa ciki, sai ta yi ta gurnani kafin ta tashi.

Amma tsohuwar nan tana riƙe da abu mai nauyi. Da yayansa ya rasu, ya bar 'ya ɗaya da shagunan haya biyu, dangi suka damƙa wa Kafinta amanar kuɗin karatunta. Bai buɗe mata asusu daban ba, a nasa na banki yake zubawa. Abin da ya raba kuɗin marainiya da nasa layi ɗaya ne tak a tsohuwar manhajar, inda yake rubuta "na shago" ko "na yarinya" a gaban kowace shiga da fita.

Washegari ya rufe shago da hantsi, ya zauna kwashe lissafi zuwa waya. Kwanan wata ya wuce lafiya, adadin kuɗi ma haka. Da aka zo kan layin bayani, sai sabuwar manhajar ta ce ba ta da gurbin da ya dace da shi: a ƙirƙiro mata ɗaya, ko a tsallake? Ƙirƙirowar aikin minti ashirin ne. Kafinta, da yake ya ƙagu ya ga launuka, ya danna tsallake.

Wai! Sai ga jimilla ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar waya, koriya shar. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Har gida ya tafi da sassarfa, yana kwaɗa sallama tun daga bakin ƙofa.

"Maman yara, fito ki ga ikon Allah! Ashe mu masu kuɗi ne ba mu sani ba!"

Matar ta goge hannu ta leƙa wayar. "Masha Allah. To, na marainiya fa, wanne ne a ciki?"

"Yana kaina. Ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba."

"Maigida, kanka da ke manta inda ka ajiye guduma? Ka bar tsohuwar ta kwana biyu, ka gwada su ka ga ko sun yi daidai."

Ya tuntsire da dariya. "Ke dai ba kya son ci gaba. Wannan gwangwanin kuma me zan yi da shi?"

A makon nan ya sayar da kwamfutar ga mai gyara, aka share ta tas a gabansa, har yana tsokanarta da cewa ta huta. Sannan ya cire kashi uku cikin huɗu na kuɗin, ya sayo injin yankan katako mai lantarki da ya daɗe yana mafarki. Ranar da aka kunna shi, maƙwabtan shago suka taru suna kallo, Kafinta yana zagaye shi yana shafawa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Gaskiya duk wanda ya gan shi ranar sai ya taya shi murna.

Wata biyu bayan haka, marainiyar ta faɗo shagon da gudu, takarda a hannu, mahaifiyarta na biye da ita.

"Baffa! Baffa, sun ɗauke ni! Makarantar koyon jinya!"

Kafinta ya kashe inji, ya ɗaga takardar sama yana nuna wa masu wucewa. Kwana goma aka ba su a biya kuɗin shekara da na ɗakin kwana. Uwar ta kwance wata leda, ta fito da rasit na haya, shekara bakwai ba ta yar da ko ɗaya ba.

"Baffanta, na haɗa lissafi jiya, na cire abin da ka kashe mata. Saura ya isa har ta gama."

Ta faɗi adadin. Ya fi rabin jimillar da ya yi wa rawa. Kafinta ya buɗe waya yana ja sama yana ja ƙasa, lambobi ne kawai jere, babu wadda ta ce ga mai ita. Ya garzaya wajen mai gyara, aka ce kwamfutar ta daɗe da tafiya.

Ya sa injin a kasuwa. Masu saye suka ga yana cikin matsi, suka taya shi rabin kuɗi. Kafin a daidaita, kwana goma sun cika, makaranta ta ba wata yarinya gurbin.

Da ya kai ɗan abin da ya harhaɗa, yarinyar ba ta fito ba, kukanta kawai yake ji daga ɗaki. Uwar ta karɓa, ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, wallahi ban ci da gangan ba."

"Na sani, Baffanta. Amma ita ta yaya zan fahimtar da ita? Gobe za ta raka ƙawayenta tasha, su tafi, ta dawo gida."

Jama'a, in za ku sauya manhajar lissafi, kada ku share tsohuwar sai kun adana kwafinta, kun gwada su layi bayan layi. Kuɗin amana kuma a ware masa asusunsa tun ranar farko, domin gaggawar minti ashirin ta isa ta cinye shekarar wani.