Injin da Ya Niƙe Ingirici

Wannan misali na wanda jama'a suka danƙa wa amanar zaɓi ne. A saurara da kyau, domin ba don nishaɗi aka kawo shi ba.

A wani gari na masu kiwon shanun tatsa akwai fili mai faɗi da suka killace, suka shuka gamba a ciki. Kowace shekara, idan damina ta yi nisa, kafin ciyawar ta fitar da kai ta yi kaushi, sukan shiga da lauje su yanke ta tun tana ɗanya, su shanya, su ɗaure dami-dami su jibge a rumfa. Wannan ingirici shi ke riƙe shanunsu daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwa. Da matasa suka watse birane, hannaye suka yi ƙaranci, ƙungiyarsu kuma ta mallaki tarakta, sai suka yanke shawarar sayen injin yankan ciyawa da za a ɗaura mata a baya. Suka wakilta wanda suke ganin ya fi kowa sani, wani dattijo da ya yi shekara talatin a ofishin gona kafin ya ajiye aiki. Abin da ba su sani ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba, shi ne a bayan tebur ya cinye shekarun nan, tsakanin takarda da hatimi. Bai taɓa kwance ƙusa ɗaya a jikin inji ba. A birni mai sayarwa ya nuna masa iri biyu. Ɗaya siriri ne, dogon ƙarfe mai jerin haƙora, ba shi da wani kwarjini. Ɗayan kuwa faffaɗa, ja jawur, da murfi mai kauri da manyan wuƙaƙe biyu a ƙarƙashi. Mai sayarwa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ciyawar me za a yi da ita? Share fili ne ko..." Dattijon ya katse shi: "Samari, tun ba a haife ka ba nake harkar gona." A gaskiya tambaya tana kan harshensa, mene ne bambancinsu, amma mutanen garinsu biyu da suka rako shi suna tsaye suna kallon bakinsa. Ya haɗiye ta, ya nuna jan.

Ranar yanka, gari ya fito. Tarakta ta shiga da ruri, gambar da ta fi mutum tsawo tana ɓacewa a bayanta, mata suna guɗa. Dattijon ya bi sawunta, ya sunkuya ya damƙo abin da ta bari, ya duba. Ba a yanke ciyawar daga gindi an kwantar da ita ba. An daddatse ta ƙanana kamar alayyafon miya, an watsa ta cikin ƙasa. Injin share jeji ya sayo, wanda aikinsa hallaka ciyawa, alhali wanda ke yanka a tara shi ne siririn da ya raina. Layi ɗaya kacal aka yi a lokacin, sauran filin yana tsaye kore shar. Da ya ɗaga hannu sau ɗaya, da direba ya tsaya. Amma ta ko'ina ana cewa, "Sai kai, Malam! Ilimi ya yi rana!" Sai ya karkaɗe tafinsa, ya soke hannun a aljihu, ya yi murmushi. Kafin azahar fili ya zama ƙwal kamar kan da aka aske.

A nan ne wata tsohuwa mai shanu biyu, wadda mijinta ya rasu, ta matso da igiyoyin kaba a kafaɗa. Ta durƙusa ta cika hannu da ciyawar, ta zube ta tsakanin yatsunta. Ta sake gwadawa, ta sake zubewa. Ta ɗaga kai ta ce, "Malam, yaya ake ɗaure irin wannan? Ka koya mana, mu ba mu yi boko ba." Da ba'a ta yi da ya fi masa sauƙi, amma da zuciya ɗaya take tambaya, tana jiran amsa. Ya dubi ƙasa. Aka gwada tarawa da manjagara, aka samu rabi ciyawa rabi turɓaya. Kwana uku bayan haka ruwan ƙarshe ya sauka, abin da ya rage ya yi baƙi ya ruɓe a inda yake.

Bazara ta zo musu da tsanani. Nono ya ƙafe, maruƙa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, tsohuwar nan ta kai ɗaya daga shanunta kasuwa don ta ceci ɗayar. Ba wanda ya zage shi. Ana ci gaba da gaishe shi da girma, ana cewa ƙaddara ce, injin ne bai dace da ƙasarsu ba, kuma kowace gaisuwa tana sauka a kansa kamar garwashi. Ya buɗe rumbun harawarsa ya raba har ƙasa, bai kai su mako biyu ba. A taron ƙungiya, da aka sake ɗora laifi a kan inji, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ku bar injin, aikinsa ya yi. Ban san bambancinsu ba, na ƙi tambaya. Kuma tun layin farko na gani, na yi shiru." Tsohuwar ta dube shi tsawon lokaci, ta gyara mayafinta, ta fita.

Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa da shi aka haife shi. Abin kunya shi ne mutum ya ga ɓarna tana tafiya, ya zaɓi ya tsare sunansa ya bar abincin dabbobin mutane. Gaskiyar magabata da suka ce, girman kai rawanin tsiya.