Asabar ɗin Dakta Rufa'i

"Kwamfuta sittin, ɗalibi sittin, ni ɗaya rak," in ji Dakta Rufa'i, yana suɗe miyar yatsunsa. "Ko mai miƙo min ruwa ban da shi."

A zauren surukinsu Alhaji Yaro yake wannan bayani, can Jega, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Alhaji dillalin albasa ne, bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma yana son labarinta kamar labarin aljanu. Ya tura wa Dakta cinyar kaza.

Malam Shehu ya bi cinyar da ido har ta isa. Shi ma malami ne a jami'a, sashensu ɗaya da Rufa'i, kuma ƙanwar matar Rufa'i yake aure. Shekara tara yana zuwa zauren nan daga Maiyama, wuya da ƙafa ne rabonsa.

Rufa'i ya gyara zama. Ya ce duk Asabar ɗin farkon wata yana Aliero, a ɗakin jarrabawar kwamfuta. Ya ce doka ce a ajiye waya a bakin ƙofa, shi ya sa ba a samunsa. Ya faɗi yadda na'urar dangwala yatsa take ƙin babban yatsan mutum in ya shafa mai, da yadda agogon nan na kusurwar allo yake cin minti kamar da gayya. Har kujerar da fankar sama ba ta kai wa iska ya sani.

"Wanga aiki sai mai ƙwaƙwalwa," in ji Alhaji. "Shehu, kai mi kaka yi ran Asabar?"

"Makin takardu, Baba."

"Da biro?"

"Da biro."

Alhaji ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa mai jinya.

Abin da ya hana Shehu sakat ya wuce kaza. Shugaban sashe ya sanar cewa daga zango mai zuwa an daina jarrabawar takarda, kuma kujerar jami'in jarrabawa ta wanda ya fara kawo shaidar ya ci gwajin gudanar da jarrabawar kwamfuta shi kaɗai ce. Rufa'i ya ce tasa shaidar ta daɗe da fitowa, hatimi kawai take jira. In ya hau kujerar, shi zai riƙa duba tambayoyin Shehu, ya ja musu layi, ya mayar masa.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa Barakatu tana ninke kaya ta ce, "Yaya Murjanatu ta ce Dakta har rama ya yi saboda aikin Asabar. Ka roƙe shi mana ya koya maka."

Washegari Shehu ya rubuta sunansa a gwajin, bai gaya wa kowa ba. Sati uku ya yi da tsohuwar kwamfutar ofis, yana koyon loda tambayoyi, da buɗe wa ɗalibi shafi in sabis ya ɗauke, da rufe jarrabawa ba tare da amsoshi sun salwanta ba. Sau biyu yana goge aikin yini da dannawa ɗaya.

Sai saƙo ya shigo wayarsa: gwaji ranar Asabar ɗin farkon wata, ƙarfe tara, ɗakin jarrabawar kwamfuta.

Ya karanta sau uku. Wato a gaban Rufa'i zai zauna kamar ɗan aji ɗaya, Rufa'i ya duba katinsa, ya tsaya a kansa yana kallon kurakuransa, ran Juma'a kuma a ci tuwo da labarin. A tashar Jega ya sauka daga motar Maiyama da niyyar komawa gida. Da ya tuna gyaɗa kan Alhaji, sai ya shiga ta Aliero, ya matse tsakanin buhunan albasa.

Tun daga nesa ya hango babbar rigar Dakta. Rufa'i na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, yana nuna wa malamai kwalin ajiye waya. "A bi layi, a goge yatsa," yake cewa. Mai gadi ma ya gaishe shi da sunansa.

Shehu ya sunkuyar da hula ya raɓa ta bayan wani dogo. Wata malama mai gilashi, Dakta Zulaiha ta cibiyar kwamfuta, ta duba katinsa ta ce lamba sha takwas. Ya zauna yana zufa, don fankar ba ta kawowa nan.

Aka rufe ƙofa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar takalmin Rufa'i. Ya bi layin farko a hankali, ya juyo na biyu, ya nufo na uku. Shehu ya ƙura wa allo ido, yana jin ƙamshin turaren yana matsowa. Takalmin ya tsaya daidai kafaɗarsa.

"Malam Shehu?" Muryar ta fito siririya. "Kai ma... ashe ka zo."

"Na zo, ranka ya daɗe," in ji Shehu, haƙora a cije. "Sai a yi min sassauci."

Rufa'i ya buɗe baki, amma Dakta Zulaiha ta riga shi, ko kai ba ta ɗago daga takardarta ba.

"Dakta Rufa'i, a zauna haka nan, za mu fara. Kana lamba sha bakwai, kusa da shi. Ka natsu da kyau, wanga ne zuwanka na biyar, kuma daga shi babu sauran maimai."