Kira ta Bayan Bango

Ranar Talata aka yanke wa Hajja Ruwaida hukuncin rataya, kuma da shaidar Malam Garzali aka yanke shi.

Shi kaɗai ya dawo Fagge daga kotu. A bakin layi 'yan majalisa suka amsa sallamarsa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa a benci. Ya wuce ɗakinsa ya zauna.

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse Kaduna da Abuja, kwanon Hajja ne ke shigo masa kowace yamma. Bango ɗaya ya raba gidajensu. Inna ake ce mata a layin, har shi da ya girme ta haka yake kiranta.

Wadda aka kashe Munachi ce, 'yar Sabon Gari mai ɗinki, da bayan rasuwar mahaifiyarta ta kama hayar shagon zauren Hajja. Nan take aiki, nan take kwana, ba ta zancen gida. Da safe Garzali kan ji ta tana cewa, "Hajja, an tashi lafiya?" da Hausar da ba gargada.

Abin ya faru ne ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, layi ya yi tsit. Ciwon gwiwa ya hana Garzali fita. Yana kishingiɗe ya ji keken ɗinki ya tsaya. Sai muryar Munachi, a tsorace: "Inna! Inna!" Ta ƙara wasu kalmomi da bai tantance ba. Sai ƙarar faɗuwa. Kafin ya lallaɓa da sanda ya zagayo, Hajja ya tarar zaune a ƙasa, kan yarinyar a cinyarta, dutsen guga a gefe.

A kotu likita ya ce da dutsen gugar aka buge ta, kuma bugun daga sama ya sauko. Lauyan Hajja ya ce a dubi tsayin tsohuwar. Mai gabatar da ƙara ya ce ai a zaune Munachi take. Gwaji ya nuna jinin da ke zanin Hajja na mamaciyar ne, zanen yatsunta kuma yana jikin mariƙin. Akwai wani zanen da ba a gano mai shi ba, aka ce shago ne, kowa na taɓa kaya. Wata maƙwabciya ta shaida cewa da safen ranar sun yi cacar baki a kan ruwan famfo.

Hajja ta ce daga gidan barka ta dawo ta same ta a haka, ta ɗauke ƙarfen daga kan fuskarta, ta rungume ta.

Duk wannan, in ji lauyanta, zato ne. Sai aka kira Garzali.

Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Ya so a ce bai ji komai ba, amma ya ji. Tafinta ya juya wa alƙali maganarsa zuwa Turanci.

Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi, "Wa ake kira Inna a gidan?"

"Ita ce."

Hajja ta dube shi daga cikin akwatin da aka tsayar da ita. "Malam, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, Inna."

Mutum ɗaya ne ya yi masa magana a harabar kotu: Chukwuemeka, mahaifin Munachi, dogon dattijo mai sayar da kayan gyaran mota. Bai taɓa fashin zama ba, kullum a bencin baya, ba kowa tare da shi. Ya riƙe hannun Garzali da hannu biyu, ya ce, "Baba, na gode. Ka riƙa zuwa shago muna gaisawa."

Makonni suka shige. Aka sa wa gidan Hajja kwaɗo. Garzali ya koma sayen shinkafa da wake a leda, ya ci rabi ya rufe saura. Wani lokacin sai ya kama kansa yana kasa kunne a bango. Abin da ke riƙe shi ɗaya ne: bai ƙara a shaidarsa ba, bai rage ba. A kan wannan yake barci, in barcin ya zo.

Wata Asabar, da ya lura ya wuni bai yi magana da kowa ba, ya sa hula ya tari adaidaita zuwa Sabon Gari.

Chukwuemeka ya ba shi kujera, ya buɗe masa lemo. Suka taɓa zancen zafi da tsadar mai. Garzali ya ji sanyi a ransa. Ga wani wanda shi ma gidansa ya zama kango.

Wata budurwa ta sauko daga adaidaita da jakar tafiya. Chukwuemeka ya ce Peace ce, ƙanwar Munachi, tana karatu a kudu, sai yau ta samu zuwa. Tun daga tsallaken titi ta ɗaga hannu, da murya irin ta yayarta sak.

"Inna! Inna!"

Garzali ya waiga cikin shagon. Ba mace ko ɗaya, sai taya da ƙarafa.

"Wace Innar take kira?"

Chukwuemeka ya ajiye kwalbarsa a hankali.

Peace ta ƙaraso, ta rusuna ta gaishe shi tana murmushi. "Ba Inna na ce ba, Baba. Nna. Haka muke kiran uba da yarenmu."