Mai Kafa Gora a Binuwai

Tunda ka ce ka yi wa mutanenka magana har bakinka ya gaji ba su ji ba, zauna in ba ka misali. A zamanin Turawa, lokacin da jiragen ruwa masu hayaƙi ke tasowa daga Lakwaja su nufi Yola da gishiri da atamfa da fasinja, akwai wani tsohon masunci da aka ɗauka aikin nuna hanya a wata kwana ta kogin Binuwai. Kogin nan faɗi gare shi kamar ba iyaka, amma inda jirgi zai bi bai fi lungu ba, sauran duk yashi ne kwance ƙarƙashin ruwa. Aikin tsohon shi ne ya auna zurfi da gora, ya kakkafa gorori a jere, ya ɗaura wa kowace farin ƙyalle, matuƙi ya bi ta gefensu. Shekara tara yana yi, jirgi ko ɗaya bai taɓa sharar ƙasa a kwanarsa ba, har matuƙa suka daina sa a auna musu ruwa in sun iso wurin. In dai sun hango ƙyallen tsoho, sai su saki jiki. Shi kuwa bai taɓa sakin nasa ba. Kullum da sassafe sai ya shiga kwalekwale ya bi gororin ɗaya bayan ɗaya yana zura sanda, mutanen gari suna tsokanarsa wai ya tafi gaida surukai.

Wata safiya da kaka, ruwa ya fara ja, ya zura gorarsa a tsakiyar hanya inda jiya ya sami zurfin gaba biyu, sai ya ji ta tsaya cak ko kamu biyu ba ta shiga ba. Ya sake zurawa, haka ɗin dai. Yashi ya taso ya tare hanyar gaba ɗaya, a sama kuwa ruwa lumui, kamar ba abin da ya faru. Bai gama jinjina abin ba sai ya ji kukan jirgi a bayan kwana. Ya san abin da ke tafe sarai: jirgin da ya hau yashi da gudu lokacin jan ruwa, in bai tsage ya zubar da mutane ba, to nan zai zauna sai wata damina. Ga gorori goma sha huɗu, ba halin tuge su kafin ya iso. Ya tuƙa da iya ƙarfinsa ya tari jirgin, yana ɗaga hannu yana ihu. To amma kowace rana masu kwalekwale na tarar jirgi suna ɗaga hannu, tallar kifi suke yi. Matuƙin, wani saurayi Banufe, ya leƙo ya yi masa alamar ba a saye, ya mai da ido kan fararen ƙyallaye. Ka ji irin ta duniya, gororin da tsoho ya kafa da hannunsa su ne yau suke ƙaryata shi, kuma an fi yarda da su.

Ni kam abin da ya yi daga nan shi ke sa in jinjina masa har gobe. Ya juya da kwalekwalen ya yanke ta kan ruwa marar zurfi, ya riga jirgin isa wurin, ya diro, ya tura kwalekwalen ya bi ruwa don kada a ce a kansa yake tsaye. Ya miƙe a tsakiyar kogi, daidai inda jirgin ya sa gaba, ya naɗe hannu a ƙirji. Bai ƙara cewa uffan ba. Tsoro kam ya ji shi, bakinsa na salati, amma bai gusa ba. Matuƙi ya ɗaga kai ya ga mutum tsaye a inda ya san zurfin ya shanye doki da mahayinsa, ruwa iyakar gwiwa. Nan take ya buga ƙararrawa aka mai da inji baya. Jirgin ya yi ta gurnani yana jan jiki, mata suna kururuwa, bai tsaya ba sai da ya rage taku kaɗan, igiyar ruwansa ta kwashe tsohon ta kayar. Ya tashi yana tari, aka miƙa masa igiya aka jawo shi ciki.

Matuƙin ya durƙusa ya ce, “Haba Baba, ai da ka faɗa mini!”

Tsoho ya matse gemunsa ya ce, “Na faɗa, ɗan nan, har murya ta dushe. Ka ce ba ka sayen kifi.”

Ya karɓi gora ya tsaya a goshin jirgi, ya yi ta aunawa har ya fitar da su ta sabuwar hanya, ba a rasa ko buhun gishiri ba. To kai ma in ka yi magana ba a ji ba, daina ɗaga murya, je ka tsaya inda za a gan ka. Hausawa suka ce, gani ya kori ji.